Kafin Ka Zuba 'Yan Tsaki: Yadda Za Ka Sa AI Ta Ɗauko Maka Alƙaluman Gaskiya Kyauta

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, don haka a samu wuri a zauna. Maganar ta shafi waya da intanet, amma ƙarshenta a ɗakin kaji da bakin tankin kifi za ta tsaya.

A ƙarshen watan Fabrairun 2024 na zuba 'yan tsaki 300 na kajin nama, wato buroila. Lissafina a takarda ya fita tsaf. Ƙaramar Sallah za ta faɗo wajen 10 ga Afrilu, kaji za su cika sati shida daidai lokacin da kowa ke neman kaza. Na lissafa abinci, na lissafa rigakafi, gawayi, ruwa, har ladan yaron da ke taya ni shara. Abu ɗaya ne ban sa a lissafi ba: rana.

Waɗanda suka yi azumin shekarar ba sai an ba su labari ba. Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu aka yi wani irin zafi a yankin Sahel, har garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu. Mu ma nan mun sha rabonmu. A daidai wannan lokacin kajina suka shiga sati na biyar, sun yi nauyi, ɗaki ya cika. Da azahar za ka shiga ka ga kowace baki buɗe, fukafukai a sake, sun ƙi abinci. Cikin kwana uku na kwashe mushe sama da 40, kuma manyan cikinsu ne suka fara tafiya. Ribar da na ƙwallafa wa rai, nan ta tsaya.

Abin da ya fi yi mini ciwo daga baya, ni da na karanci kasuwancin noma a jami'a, shi ne gano cewa alƙaluman zafin garinmu na kowace rana, na shekaru sama da 40, suna nan a intanet kyauta. Babu wanda ya ɓoye su. Ni ne ban san ƙofar da ake bi ba. To yau wannan ƙofar nake son mu duba tare.

ME YA SA AI KE BA DA AMSAR DA BA TA DA TUSHE?

Da yawanmu yanzu muna tambayar manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, irin su ChatGPT, Claude da Gemini. Suna da amfani sosai wajen bayani. Amma akwai abin da ya kamata kowa ya gane game da su. An koyar da su ne da tarin rubuce-rubuce har zuwa wani lokaci, daga nan aka rufe littafi. In ka tambaye su abin da ya faru bayan nan, ko wani adadi na takamaiman wuri, sau da yawa ba za su ce "ban sani ba". Za su haɗo amsa mai kama da gaskiya su miƙo maka da ƙwarin gwiwa.

Ni da kaina na taɓa tambayar wata daga cikinsu farashin buhun masara a Dawanau. Ta ba ni adadi har da bayani mai daɗin ji. Da na kira wanda nake saye wurinsa na faɗa masa, dariya ya yi ya ce, "Malam, wannan farashin wace shekara ce?" Da na gina kasafin abinci a kan wannan adadin, da tun sati na uku kuɗi sun yanke.

Wani zai ce ai yanzu suna iya bincike a intanet. Haka ne. Sai dai bincike yana kwaso duk abin da ya tarar: labarin jarida na bara, rubutun wani da bai taɓa zuwa kasuwar ba, da tallan masu sayar da kaya. Abin da mai lissafin kiwo ke buƙata shi ne adadi daga inda aka auna shi, tare da kwanan wata da sunan wurin.

MECE CE WANNAN SABA DA AKE MAGANA?

A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic, masu Claude, ya fitar da wata ƙa'ida mai suna Model Context Protocol, a taƙaice MCP. Ƙa'ida ce ta yadda manhajar AI za ta yi magana da wasu rumbunan bayanai da ke wajenta. Sun bar ta a buɗe, kowa na iya amfani da ita ba tare da biya ba. A watan Maris na 2025 OpenAI, masu ChatGPT, suka ce su ma sun karɓe ta, Google ya biyo baya. A watan Disambar 2025 kuma aka miƙa kula da ita ga wata gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation, don kada ta zama mallakar kamfani ɗaya.

A sauƙaƙe: ka ɗauka AI wani malami ne mai tarin karatu da ke zaune a ɗakin da ba taga. Ya san yadda zafi ke kashe kaza, amma bai san ko yau ana rana a waje ba. Saba ta MCP ita ce ɗan aikensa. Ka yi tambaya, malam ya rubuta 'yar takarda ya ba ɗan aike, ɗan aike ya je rumbun alƙaluma ya ɗauko ainihin lambobin ya kawo, sannan malam ya yi maka bayani a kansu. Ita saba ba wani abin mamaki ba ce, kwamfuta ce da ke kunne dare da rana a wani wuri tana jiran saƙo.

Iri biyu ne. Akwai wadda kake saukewa ka kunna a kwamfutarka, wannan sai mai ɗan ilimin harkar. Akwai kuma wadda wani ya riga ya kunna a intanet ya bar ta a buɗe ga jama'a kyauta, kai naka kawai ka kwafi adireshinta ka liƙa a manhajarka. Wannan ta biyun ita ce ta dace da irinmu da jarinmu bai kai na ɗaukar ma'aikacin kwamfuta ba.

RUMBUNAN DA SUKA SHAFI MAI KIWO

Saba hanya ce kawai. Abin tambaya shi ne ina take kai ka. Ga waɗanda ya kamata mai kaji da mai kifi ya san da zamansu:

1. Open-Meteo. Rumbun yanayi ne. Yana ba da hasashen zafi, ruwan sama, iska da laimar iska har na kwana 16 masu zuwa, sa'a bayan sa'a. Yana kuma da tarihin yanayi tun daga 1940. Kyauta ne ga amfanin da ba na kasuwanci ba, ba ya neman rajista, iyakarsa tambaya 10,000 a rana, wanda mai gona ɗaya ba zai taɓa kaiwa ba. Yana ma da ɓangaren hasashen yawan ruwan da ke gudana a koguna.

2. NASA POWER. Na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ne. Yana da alƙaluman zafi da ruwan sama na kowace rana tun daga 1981, ga kuma na ƙarfin hasken rana. Mai shirin sa sola don famfon ruwan kifi, wannan na ƙarshen zai yi masa amfani.

3. FAOSTAT. Na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Alƙaluman noma da kiwo na ƙasashe tun daga 1961: yawan masarar da aka noma, yawan ƙwai, yawan kaji, abin da aka shigo da shi.

4. Data Commons. Aiki ne na Google da ke tattara alƙaluman hukumomi irin su Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya wuri guda. A watan Satumban 2025 suka fitar da sabarsu ta MCP.

5. Farashin abinci. Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, tana wallafa farashin kayan abinci na kasuwanni a dandalin HDX, ciki har da na Najeriya da Nijar. FEWS NET ma tana bibiyar farashin hatsi a yankinmu. A gida kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton farashin wasu kayan abinci, har da ƙwai da naman kaza.

6. WAHIS. Nan ne Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, WOAH, ke wallafa rahotannin ɓarkewar cututtuka da ƙasashe suka kai mata. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1, a Fabrairun 2006 a jihar Kaduna. Ta sake dawowa a 2015, ta kuma dawowa a 2021. Mai kaji bai kamata ya rufe ido daga wannan ba.

A sani, ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan ne za ka tarar da saba a shirye ba. Na yanayi da na alƙaluman ƙasashe su ne suka fi samuwa. Amma duk suna da shafinsu da za ka iya shiga kai tsaye, ka sauke teburin ka loda wa AI ta karanta maka.

TAMBAYA TA FARKO: YAUSHE ZAN ZUBA?

Kazar nama da ta girma ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24. Da zafi ya doshi 30 sai haki ya fara, cin abinci ya ragu, shan ruwa ya ƙaru. In ya wuce 35, musamman in iska na da laima kuma ɗaki a cunkushe, mutuwa ke biyo baya. Kaza ba ta gumi, haki shi ne babbar fankarta. Ɗan tsako kuwa akasin haka yake, a satin farko yana son wajen digiri 32 zuwa 35, ana rage masa kamar digiri 3 kowane sati.

Kun ga ke nan garke ɗaya yana da buƙata biyu masu karo da juna. A farko yana son ɗumi, a ƙarshe yana son sanyi. Kuskurena a 2024 shi ne na jera su a juye: 'yan tsaki sun taso a ƙarshen sanyi ina ta ƙona gawayi, manya kuma sun faɗa tsakiyar bazara.

Yanzu kafin na biya kuɗin 'yan tsaki, irin wannan tambayar nake yi:

"Ka yi amfani da sabar yanayi ka ɗauko mini mafi girman zafin kowace rana a Kano daga 20 ga Maris zuwa 20 ga Afrilu, na shekara goma da suka wuce. A kowace shekara, kwana nawa ne zafi ya kai digiri 38 ko fiye? Ka jera mini a tebur, ka faɗi rumbun da ka ɗauko."

Abin da ya dawo shi ke nuna mini shawarar da zan yanke. Ko in matso da ranar zubawa, ko in rage yawan kajin da zan sa a ɗakin, ko in ware kuɗin shimfiɗa ciyawa a kan kwano da ƙarin mazubin ruwa tun daga farko. Mu tuna Sallah tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, don haka lissafin bara ba zai yi wa bana aiki ba.

Bayan kaji sun shiga ɗaki kuma, sai hasashe na kusa. Duk bayan kwana biyu ko uku ina duba zafin kwanaki masu zuwa sa'a bayan sa'a. In na ga rana mai tsanani na tafe, da sassafe nake ba da abinci, in janye shi kafin rana ta take, in mayar da yamma in gari ya huce. Narkar da abinci kansa yana ƙara wa kaza zafin jiki. Ruwa kuwa ba ya yankewa, kuma tankin yana inuwa. Masu kajin ƙwai su ma abin ya shafe su: zafi yana rage ƙwai, yana sa ɓawo ya yi laushi.

TAMBAYA TA BIYU: RUWAN KIFINA FA?

Tarwada ta fi girma idan ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. A hunturu, Disamba da Janairu, zafin iska da asuba a wurare irin su Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. Tankin tamfol da na kankare da ke sama da ƙasa suna saurin yin sanyi. Kifi ya rage cin abinci, mai shi bai lura ba ya ci gaba da zubawa kamar kullum, abincin ya zauna a ƙasa ya ruɓe, ruwa ya lalace. Asara biyu ke nan, ta abinci da ta kifi. Ƙananan 'ya'yan kifi su ne suka fi shan wahala.

Don haka mai niyyar zuba 'ya'yan tarwada sai ya tambaya: a garinmu, daga wane sati ne zafin dare ke fara sauka ƙasa da digiri 18, kuma yaushe yake komawa sama? In ka san wannan, za ka tsara kifinka ya yi ƙwari kafin sanyi ya shigo, ko ka jira ya wuce, ko ka tanadi ledar rufe tanki da dare.

Masu tafkin ƙasa a fadama ko bakin kogi, naku ya fi girma. Ambaliyar 2022 ta shafi mafi yawan jihohin ƙasar nan, Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Ruwa in ya haura bakin tafki, kifin wata biyar a dare ɗaya yake bin sa. Tarihin ruwan sama zai nuna maka watannin da ruwa ya fi sauka a yankinka, ka tsara kwashe kifi kafin lokacin ko ka ɗaga gefen tafki ka kewaye da raga. Ka haɗa wannan da hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, da hasashen ambaliya na hukumar NIHSA. Waɗannan namu ne na gida, kada a raina su.

TAMBAYA TA UKU: YAUSHE ZAN SAYI MASARA?

Kowa ya san abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kaji. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce kana da kajin nama 200, kowace za ta ci kamar kilo 4.5 zuwa sati shida. Kilo 900 ke nan, buhu 36 mai kilo 25. In kai kake haɗa abincinka kuma masara ta kai rabi, kana buƙatar kilo 450. To duk ƙarin Naira 100 a kan kilo ɗaya, Naira 45,000 ce ta fita daga ribarka.

A nan abin da alƙaluma za su ba ka shi ne salon tafiyar farashi. Ka ce AI ta ɗauko farashin masara na wata-wata na shekara biyar ko fiye a kasuwar da ta fi kusa da kai a cikin rumbun, ta nuna maka watan da ya fi sauka da wanda ya fi hawa a kowace shekara, da tazarar da ke tsakaninsu. Mun san a al'ada hatsi na sauka da kaka ya hau da damina, amma ba kowace shekara ke bin wannan layin ba, kuma ganin tazarar a lambobi shi zai nuna maka ko ajiya za ta biya kuɗin buhuna, magani da ɗakin ajiya.

Farashin yau kuwa, kira ɗan kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari. Babu rumbun da zai riga mai awo a Dawanau sanin yadda kasuwa ta tashi da safe.

YADDA AKE HAƊAWA

Matakan ba su da yawa:

Na ɗaya, ka shiga saitin manhajar AI ɗinka ka nemi wurin haɗa ta da wasu kayan aiki na waje. A wasu manhajojin wannan ƙofa a buɗe take, a wasu sai mai biyan kuɗin wata. Ya fi sauƙi a yi shi a kwamfuta ko ta burauza.

Na biyu, ka samo adireshin sabar daga shafin masu rumbun da kansu in suna da ita. In ba su da ita, akwai rajistar sabobin MCP da aka buɗe a Satumban 2025, nan ma wurin dubawa ne. Kada ka ɗauki adireshi daga saƙon da aka turo a guruf ba ka san asalinsa ba.

Na uku, ka liƙa adireshin, ka duba jerin ayyukan da sabar ta ce tana yi. Ta yanayi karanto alƙaluma kawai ya kamata ta yi.

Na huɗu, ka gwada ta da abin da ka riga ka sani. Tambaye ta zafin jiya a garinku, ka kwatanta da ma'aunin zafin da ke ɗakinka.

In wayarka ko manhajarka ba ta ba ka wannan damar ba, kada ka karaya. Ku haɗu ku biyar ko goma, mutum ɗaya mai kwamfuta ya riƙa ɗauko wa kowa. Ƙungiyoyin masu kiwo na unguwa, wannan aiki ne da za ku iya ɗora wa matashi ɗaya a cikinku.

INDA AKE ZAMEWA

Na faɗi amfanin, yanzu bari in faɗi inda na ga ana tuntuɓe.

Sunan gari. Akwai Gaya a jihar Kano, akwai Gaya a jihar Dosso ta Nijar, akwai kuma Gaya a Indiya. In ka ce "Gaya" kawai, ɗan aike na iya tafiya wata nahiyar ya dawo maka da lambobi masu kyau da ba naka ba. Kullum ka faɗi jiha da ƙasa, kuma ka ce ta nuna maka lambobin taswirar wurin da ta yi amfani da su. Kano tana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas. In ka ga abin da ya yi nisa da yankinka, ka san an ɓata hanya.

Faɗin ma'auni. Alƙaluman NASA POWER na yanki ne mai faɗin kilomita 50 ko fiye, daga tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta aka samo su. Ba su san ɗakinka kwano ne mara silin ba, ba su san iska ba ta ratsa shi ba. Cikin ɗaki na iya fin waje zafi da digiri da yawa. Haka kuma zafin iska suke bayarwa, ba na ruwan tanki ba. Saboda haka ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a daidai tsayin kaza, ɗaya a cikin ruwa, dole ne. Kuɗinsu bai kai na kaza biyu ba.

Tsufan alƙaluma. FAOSTAT kan yi jinkirin shekara ɗaya ko biyu. Rahoton farashi na wata-wata yana fita ne bayan watan ya wuce. Rahoton cuta yana zuwa ne bayan an kai samfur ɗakin gwaji an tabbatar. Rashin ganin garinku a WAHIS ba shaida ce ta babu cuta ba. In kaji suka fara mutuwa da yawa ba zato, likitan dabbobi za ka kira nan take, shi ya san yadda za a kai samfur cibiyar NVRI da ke Vom.

Ma'aunin awo. Digiri 95 a ma'aunin Amurkawa shi ne 35 a namu na Salshiyos. Farashi kuma wani na kilo ɗaya ne, wani na buhu mai kilo 100, wani na sari, wani na sayen ɗai-ɗai. Ka tambaya kafin ka ninka.

Saba ta mutu, AI ta ci gaba da magana. Wannan ya fi duka haɗari. Wani lokaci ɗan aike ba ya dawowa, sai malam ya cike gurbin da tunaninsa. Shi ya sa a ƙarshen kowace tambaya nake ƙara wannan: "In sabar ba ta amsa ba, ka gaya mini ba ta amsa ba, kada ka ƙiyasta." Sannan ina duba alamar da manhajar ke nunawa cewa lallai ta kira sabar.

KYAUTA, AMMA A BUƊE IDO

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Sabar kyauta kwamfutar wani ce, wani ne ke biyan kuɗin wutarta. Yau tana nan, gobe mai ita na iya gajiya ya kashe, ko ya sa kuɗi. Saboda haka duk teburin da ya yi maka amfani, ka sauke ka ajiye, ko ka kwafe shi a littafin gona.

Abu na biyu, duk abin da AI ta aika wa saba, mai sabar na iya gani. Sabar yanayi ba ta da abin yi da BVN ɗinka, ko lambar asusunka, ko lambar sirrin da banki ke turowa. Duk wadda ta nemi waɗannan, cire ta. Wurin gonarka ma ba sai ka ba da shi daidai ba, tunda alƙaluman na yanki ne mai faɗi, sunan gari mafi kusa ya isa. A halin tsaron da muke ciki, ba kowa ne ya kamata ya san inda kaji 1,000 suke kwana ba.

Abu na uku, akwai na bogi. A Satumban 2025 masu binciken tsaron intanet sun gano wata sabar MCP da aka yi wa suna irin na wani kamfanin aika imel, tana tura wa wanda ya ƙirƙire ta kwafin duk saƙon da ya bi ta cikinta a ɓoye. Akwai kuma dabarar ɓoye umarni cikin bayanan da saba ke dawowa da su, don a yaudari AI ta aikata abin da ba ka sa ta ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: kada ka haɗa sabar da ba ka sani ba a hira ɗaya da imel ɗinka ko takardunka, kuma in manhaja ta nemi izininka kafin ta yi wani aiki, karanta kafin ka danna.

ABIN DA ZA KA YI A WANNAN SATIN

Ko ba ka haɗa komai ba tukuna, ɗauki takarda ka rubuta abu uku: ranar da kake son zubawa, ranar da kake son sayarwa, da satin da dabbobinka za su fi rauni a tsakani. Ga kajin nama, sati biyun farko da sati biyun ƙarshe. Ga tarwada, watan farko. Sai ka nemo yadda yanayin garinku ya kasance a waɗannan satittikan cikin shekara goma da suka wuce. Aikin awa ɗaya ne da data kaɗan.

Ni a zubin da ya biyo bayan wancan, kaji 200 na sa a ɗakin da na cusa 300 a baya, na shimfiɗa ciyawa a kan kwano, na rataye ma'aunin zafi a tsakiya. Na kuma buɗe shafi a littafin gona inda nake rubuta zafin ɗaki ƙarfe biyu na rana kusa da abin da hasashe ya ce. Bayan 'yan makonni na gane tazarar da ke tsakanin ɗakina da hasashen, yanzu in na ga lambar gobe na san abin da zan ƙara a kai. Wannan shafin babu rumbun da zai ba ka shi, sai kai ka rubuta da hannunka.

Wanda ya gwada ya ga wani abin da bai gane ba, ya kawo mu duba tare. Wanda kuma ya san mai shirin zuba 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi kwanan nan, ya tura masa kafin ya biya kuɗi.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mu daga asara, Ya ba mu kasuwa mai kyau. Amin.